Jitata na gurnani a wajen biki, in sauya mata mikro?

Wani matashi mai kiɗa a nan Maradi ya kawo mini tambaya. Yana da jitar lantarki mai mikro uku sirara, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kwaikwayon Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda aka sayo masa daga Kano. A gida ba ta da laifi, amma in suka je wasan biki aka tada gurup, wato janareta, sai ta kama gurnani, kuma muryarta tana yi masa kaifi in ya kwatanta da ta abokinsa mai mikro biyu masu faɗi. Wani ya ba shi shawara ya sayi mikro mai om da yawa, wato ma'aunin turjiyar waya, wai shi ne mai ƙarfi. Yana so ya san ko haka ne, da kuma abin da ke raba wannan mikro da wancan tunda duk waya ce da maganaɗisu.

Ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abu uku ka dunƙule wuri ɗaya, gurnani daban, kaifin murya daban, zancen om kuma daban, wanda ya ba ka shawara kuwa ya haɗa su ya rubuta maka magani guda. Ni da naɗin injin fanka da na famfon ruwa na fara sana'a kafin in koma kan ampili da jita, saboda haka ta wajen waya da maganaɗisu zan biyo maka da maganar, don nan hannuna ya saba.

Ka ɗauki gurmi. In ka kaɗa tsirkiya, jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa kansa, ya kai girgizar ga fata, fata da ƙwarya su tura iska, kunne ya ji. Jitarka ba ta da ƙwarya, katako ne curi guda, shi ya sa in ba a jona ta ba sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Aikin da fata da ƙwarya ke yi wa gurmi, mikro ne ke yi mata shi. Sunan ma yana ruɗa mutane, mun ɗauko shi daga bakin masu Faransanci, sai a zaci ɗan'uwan makirifon mawaƙi ne. Makirifo iska yake ji. Wannan kuwa motsin ƙarfe kaɗai ya sani. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka kewaye da siririyar wayar jan ƙarfe. Maganaɗisun yana shafa wa ɗan yankin tsirkiyar da ke samansa nasa ƙarfin, ita ma ta zama ƙaramin maganaɗisu. Da ta girgiza, ƙarfin da ke ratsa naɗin ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, wannan sauyin shi ke haifar da ƴar wuta a cikin wayar, wadda a yawancin kiɗa ba ta kai ko bolt ɗaya ba, ita ce ampili ke ɗagawa. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila a 1831, kuma da dabarar nan dai gurup ɗin da ke damunka yake ba da wuta. Sai da aka yi shekara ɗari sannan George Beauchamp ya ɗora ta a kan jita a Amurka, aka fara sayar da ita a 1932, kamfanin da daga baya aka sani da Rickenbacker.

Tun daga nan ka duba tsirkiyarka. Ta roba ba ta magana ko kaɗan a kan mikro. Ta jitar ƙwarya mai launin tagulla kuma, wadda mutane ke ɗaurawa in ita suka samu a kasuwa, cikinta kaɗai ke da ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, naɗin wajen ba ya ji, sai ka ji manyan tsirkiyoyi sun yi sanyi ƙanana suna ta tsawa. An sha kawo mini jita a ce mikro ya mutu rabi, ashe tsirkiya ce. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar wanda duniya ta sani yanzu, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Da a ce ya samu mikro a lokacin, wayar birkin nan ta fi tagulla amsawa.

Yanzu zancen om. In ka warware mikro mai naɗi ɗaya, wanda zan riƙa ce wa tilo, irin na Stratocaster, za ka samu zagaye wajen 8,000 na waya mai lamba 42. Kaurinta milimita 0.063 ne, kusan silin gashi, in aka miƙe ta kuma ta haura kilomita ɗaya. Ka ɗora multimita a kai, za ta nuna maka om wajen 6,000. Abin da ta auna shi ne tsawon waya da sirantarta, shi ke nan. Ka ɗauko waya mai lamba 43, wadda ta fi siranta, ka yi zagaye 8,000 ɗin nan dai, om zai hau da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin sauti kuwa yana nan kusan inda yake, don yawan zagaye da ƙarfin maganaɗisu ne ke ba da shi. Har zafin gari yana taɓa lambar. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Mikron da ya nuna 6,000 a ɗaki mai digiri 20, ka kawo shi rumfata da azahar a watan Afrilu ana digiri 40 da wani abu, zai nuna kusan 6,500. Ya ƙara ƙarfi ke nan don ya sha rana? Masu sayarwa suna son lambar nan ne saboda ita ce mai sauƙin aunawa.

Ni ma ta nan na fara cin tuntuɓe, amma ta ɗaya ɓangaren. Mikro na farko da aka kawo mini ya tsinke, na ce ai naɗi ne, aikina ne. Na ɗauko wayar da nake naɗa fanka da ita, na cika gidan har ya ɓatse, ban kai zagaye 2,000 ba wuri ya ƙare. Da aka jona, sai wata ƴar murya can ƙasa kamar ta mai zazzaɓi, siririya ƙwarai, ba jiki. Sai da na samo waya ta gaskiya, na ɗaura gidan mikron a jikin keken ɗinki, na jona ɗan makunni da madannin kalkuleta don ya riƙa ƙirga mini zagaye. Na kai wajen 6,000 wayar ta tsinke a tsakanin yatsuna, ko ji ban yi ba, keke na ta juyawa babu komai. Na yanke na sake daga farko. A wannan makon na koyi abin da zan gaya maka yanzu.

Ka ja "iii" da murya ɗaya, sannan ba tare da ka ɗaga ko ka sauke ta ba, ka mayar da shi "uuu". Maƙogwaro bai sauya komai ba, baki ne ya sauya siffa, ya ɗaga wani yanki na sautin ya danne wani. Tsirkiya ita ce maƙogwaro. Ba sauti guda take fitarwa ba. Babbar tsirkiya in an sake ta tana kaɗawa sau 82 a sakan, amma a lokaci guda kowane rabi nata yana kaɗawa sau 165, kowane sulusi sau 247, haka har can sama, uwa da ƴaƴanta. Uwa ita ce ke gaya maka wane sauti aka buga. Ƴaƴan su ne zaƙi da kaifi da ƙyalli. Mikro shi ne baki, shi ke zaɓen ƴaƴan da za su fito fili da waɗanda za a bari a ɗaka.

Ga yadda yake zaɓen. Kowane naɗi yana da wani irin nauyi, ba ya son wuta ta riƙa sauyawa da sauri a cikinsa, ana auna wannan da henri. Wayar da ke kai sauti zuwa ampili kuma tana aiki kamar ƙaramin kondansa, wajen fikofarad 100 a kowace mita. In nauyin naɗi ya haɗu da kondansan nan sai su yi tudu, wato wani wuri a cikin sauti da suke ɗagawa fiye da ko'ina, bayansa kuma gangara ce, duk ɗan da ya wuce nan sai ya dushe. Inda tudun ya zauna, nan muryar mikro take. Tilo irin naka henri 2 ne da ɗan wani abu, in an haɗa shi da waya mita 6 tudunsa yana wajen kaɗawa 4,000 a sakan, daidai inda kunne ke jin tsabta da ƙarar gilashi. Mai naɗi biyu irin na abokinka, tagwaye, henri 4 zuwa 5 ne, tudunsa ya sauko ƙasa da 3,000, shi ya sa kake jin sa da ƙirji. Waɗanda aka cika wa naɗi kuwa, masu om 14,000 zuwa sama da aka ce ka saya, suna kai henri 8, tudunsu na kusa da 2,000, murya ta koma hanci da maƙoshi.

Lissafin ba ya yi wa kowa alfarma. In ka ninka zagaye biyu, wutar da ke fita ta ninka biyu, nauyin naɗi kuwa ya ninka kusan huɗu, tudun ya sauko kusan rabi. Kowane allazi da nasa amanu. Masu irin wannan mikro sun san abin da suke nema. Lokacin da kamfanin DiMarzio ya fito da mikronsa Super Distortion a farkon shekarun 1970, makaɗan rok suna son su tura wa ampili wuta fiye da ƙarfinsa ne don muryarsa ta fashe ta yi kaushi, ƙyallin da suka rasa kuma bai dame su ba, fashewar ma tana son a rage shi. Kai kuwa me kake bugawa? Kiɗan biki ne, yatsu na gudu a ƙananan tsirkiyoyi, ganga da kalangu da piyano duk sun cika ƙasa da tsakiya. Wurin da ya rage wa jita shi ne sama. In ka sauko da tudunka wajen 2,000, ka shiga gonar mawaƙi da piyano, za ka ji kanka da ƙarfi a ɗaki kai kaɗai, a fili kuma ka ɓace, ka yi ta ƙara bolim har a fara hararar ka. Ka saurari makaɗan Agadas da kyau, ko in sun fasa murya kowane bugu yana fita daban kamar an zuba tsakuwa a tire. Mdou Moctar ɗin nan da Stratocaster ake ganin sa.

Tunda tudu na mikro da waya ne su biyu, wayar ma tana da baki a maganar, kuma kusan babu mai lura. Tilon nan naka, da waya mita 3 tudunsa yana haura 5,000. Da mita 10, irin wadda ake ɗauka don a shiga tsakiyar fili wajen masu liƙi, sai ya sauko wajen 3,200, ya kusa cimma tagwayen abokinka. Kai da kake kukan kaifi, ka ari doguwar waya ka gwada kafin komai. Sannan ka kwance murfin gaba ka duba bayan maɓallin bolim, akwai lamba a buge. Kamfanin Fender 250 suke sa wa tilo, kamfanin jita na Gibson kuma 500 ga tagwaye, wato om dubu 250 da dubu 500. Ƙaramar lambar tana danne kan tudun, babbar tana barin sa da tsini. Na buɗe kwaikwayo da yawa na tarar an haɗa tilo da 500, ga tudu can sama ga tsini, ba dole ta soki kunne ba? Sauya maɓallin nan bai kai kuɗin tsirkiya saiti guda ba. Akwai kuma wani abu da aka gada daga tsohon tsarin Stratocaster: maɓallan ton biyu, masu rage kaifin murya, na mikron wuya da na tsakiya ne, na kusa da jaki, wanda ya fi kowa kaifi, ba shi da ko ɗaya. Ƴar waya guda ake ƙarawa a jikin sandar zaɓin mikro ya samu nasa, aikin minti goma.

Mikro uku ɗin nan naka, ƙila duk naɗi ɗaya ne aka yi musu, amma kowa da muryarsa, saboda wurin zama. Mai gurmi ya san wannan ba tare da an karanta masa ba, in ya bugi tsirkiya kusa da jaki sai ta yi tsawa, in ya matsa sama ta yi laushi. Uwar sauti a tsakiyar tsirkiya take lilo sosai, kusa da jaki da ƙyar take motsi, ƴaƴan kuwa ƙananan lilonsu yana nan har gab da jaki. Mikron da ke can sai ya ji ƴaƴa da yawa uwa kaɗan. Na wuya yana zaune kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon tsirkiya. A Fender tsawon milimita 648 ne, rubu'insa 162, kuma daidai nan ne ɗan da ke kaɗawa ninki huɗu na uwa ba ya motsi in tsirkiya a sake take, sai mikron ya kasa jin sa, wannan yana cikin abin da ke ba shi muryar nan mai zurfi kamar ana magana a bakin randa. Ka lura Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya karkata na jaki, ɓangaren manyan tsirkiyoyi ya ɗan nisanta da jaki don su samu jiki. Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, bahago ne, ya juya jitar dama ya sake jera tsirkiya, karkatar ta koma akasi, manyan suka ƙara kaifi ƙanana suka ɗan yi taushi. Har yau akwai masu sa a juya musu mikro da gangan don su samu wannan.

In ka tsayar da sandar zaɓi tsakanin biyu, mikro biyu ne ke sauraro daga wuri daban, wasu ƴaƴan su kashe juna, sai ka ji muryar nan mai rami a tsakiya kamar kukan agwagwa. Stratocaster ta fito a 1954 da sanda mai matsayi uku kawai, makaɗa ne suka riƙa dabarar tsayar da ita a tsakani har kamfanin ya mayar da ita biyar a 1977. Faɗin wurin da mikro ke sauraro ma yana da tasiri. Tilo ɗan ƙanƙanin yanki yake ji. Tagwaye naɗinsa biyu suna da tazarar kusan milimita 18, ƴaƴan can sama masu gajeren lilo sai ɗaya ya ji su suna hawa ɗaya ya ji suna sauka, su rage juna. P-90 na Gibson, wanda ya fito a 1946, naɗi ɗaya ne amma a baje, zagaye wajen 10,000, muryarsa ta faɗa tsakanin biyun.

Maganaɗisu kuma, a ganina an fi zuzuta shi fiye da aikinsa. Za ka ji ana cewa alniko ya fi, na baƙin yumɓu kuwa kayan araha ne. Alniko haɗin ƙarfe ne da alminiyam da nikel da kobalt, a Fender ta asali sanduna shida da kake gani su ne maganaɗisun kansu. A yawancin kwaikwayo kuwa sandunan ƙarfe ne kawai, an manna musu baƙin maganaɗisu daga ƙasa, in ka juya murfin za ka gan shi. Bambancin da kunne ke ji ya fi fitowa daga ƙarfen nan da ke cikin naɗi, don yana ƙara masa nauyi fiye da alniko, tudu ya ɗan sauko, wuta ta ƙaru. Na ji irin waɗannan masu daɗi, na ji marasa daɗi. Abin da ya fi irin maganaɗisu muhimmanci shi ne nisansa da tsirkiya. In ya matso da yawa ba sauraro kaɗai yake ba, ja yake yi. Sai ka buga babbar tsirkiya can sama da wuya ka ji tana rawar murya kamar sauti biyu na faɗa, na'urar saiti ta kasa tsayawa, sautin kuma ya mutu da wuri. Masu neman ƙarfi su ke jawo wa kansu wannan, su ɗaga mikro har ya kusa sumbatar tsirkiya. Ka danne tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 2 da rabi a ɓangaren manya, kaurin tsinken ashana ke nan ko sama kaɗan, ɓangaren ƙanana kuma ƙasa da haka kaɗan. Daga nan ka riƙa juya sukuru rabi-rabi kana saurare. In na jaki ya yi maka tsawa, sauke ɓangaren ƙananan. Kuma ka riƙa duba kan sandunan bayan hunturu, ƙurar garin nan akwai garin ƙarfe a cikinta, yana taruwa kamar gemu. Da salatif ake ɗebe shi. Kada ka kuskura ka kawo soson ƙarfe kusa, ɓurɓushinsa in ya shiga naɗi yana iya yanke waya.

Saura gurnani. Naɗin da ke jin sauyin maganaɗisun tsirkiya, haka yake jin na kowane taransifoma da ke kusa, ba ya tantancewa. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, a Amurka 60, wannan "zuuu" ɗin shi kake ji. Seth Lover na kamfanin Gibson ne ya nemi rajistar maganinsa a 1955, ya hau jitocinsu a 1957. Ya yi naɗi biyu ya haɗa su kai da ƙafa, gurnanin da ya shiga ɗaya yana hawa ya shiga ɗaya yana sauka, su kashe juna. Don kada sautin tsirkiya ma ya mutu tare da shi, sai ya juya fuskar maganaɗisu a ƙarƙashin na biyun, juyi biyu ya zama daidai, sautin tsirkiya ya haɗu ya ƙaru. Kaurin muryar da mutane ke so yanzu biyo baya ya yi, shi shiru yake nema.

Amma ƙila kana da tagwaye a jitarka ba ka sani ba. Masu ƙira da yawa yanzu suna juya naɗi da maganaɗisun mikron tsakiya, saboda in aka haɗa shi da na wuya ko na jaki su yi aikin nan. Ka kai sanda matsayi na biyu ko na huɗu, in gurnani ya faɗi to haka ne. Ko ka ɗauko kamfas ɗin duba alƙibla ka kusanto da shi kan na wuya, sannan kan na tsakiya, in allura ta juya baya an yi maka aikin.

Hayaniya kuma iri biyu ce, maganinsu ba ɗaya ba. Akwai mai kauri, wadda ke ƙaruwa ko raguwa in ka juya jikinka gabas ko kudu da jita a rataye. Wannan ta taransifoma ce, nisa ne maganinta. An taɓa kira na wani biki a Tibiri, mai jita ya rantse mikronsa ya lalace. Na tarar an ɗora ampili a kan stabilaiza, shi kuma yana zaune a kujera jingine da su biyun saboda inuwar rumfa nan ta tsaya. Na sa aka ja stabilaiza baya, shi ya matsa taku uku zuwa rana, gurnani ya ragu har ba a jin sa in ganga ta tashi. Bai gode mini sosai ba, don ranar. Ɗayar kuma mai tsartsar ce kamar ana soya ƙosai, wadda ke raguwa da zarar ka taɓa tsirkiya. Ita daga ƙwan fitila na zamani take zuwa, da cajar waya, da gurup maras tsabtar wuta. Maganinta a shimfiɗe ramin cikin jita da bayan murfi da takardar jan ƙarfe ko ta alminiyam, a haɗa da mas, wato wayar ƙasa. In ba a haɗa da mas ba an yi aikin banza. In kuwa taɓa tsirkiya ƙara hayaniya yake yi, to an juya wayoyin bakin jona ne, a gyara. Tagwaye yana kashe ta farko, ta biyu kuwa shi ma yana ɗauka in ba a shimfiɗe masa ba.

A nan sai na ja maka kunne. Tsirkiyarka a haɗe take da jikin ampili ta cikin waya. Wuraren biki da yawa soket mai baki biyu ne, babu wayar ƙasa, gurup ma an ajiye shi kawai a kan yashi. In ka taɓa ji makirifo ya ɗan cije ka a leɓe alhali hannunka na kan tsirkiya, ka ajiye jitar nan take a nemo mai wuta. An rasa rayukan makaɗa a kan dandamali ta wannan hanya.

Akwai kuka na uku, mai tsini, wanda ke tashi in an ƙure bolim ko da ka danne tsirkiya duka. Wannan naɗi ne ya saki, wayar tana rawa a cikin gidanta, mikro ya koma jin iska. Ka ƙwanƙwasa shi da farce, in ka ji ƙwas a lasifika da ƙarfi to shi ne. Ana tsoma shi cikin narkakken kaki, kashi huɗu na kyandir kashi ɗaya na kakin zuma, gwangwani a cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya wuce digiri 65 don robar gidan na iya lanƙwashewa, a bar shi har kumfa ta daina fita. Kada ka ɗora gwangwanin kai tsaye a kan gawayi, kakin kyandir yana kama wuta. Kakin nan ne ma ya sa nake hana mutane barin jita a bayan mota da rana a bazara.

In ka yi duk wannan kuma har yanzu ranka na kan muryar abokinka, to ka sa tagwaye a wurin jaki kaɗai, ka bar tilo biyu na sama. Ka nemi mai matsakaicin naɗi, irin na farkon Gibson mai zagaye wajen 5,000 a kowane ɓangare, om wajen 8,000, don ya zauna lafiya da sauran, kada ka juya sanda ƙara ta yi tsalle. Ka duba ramin da ke ƙarƙashin murfi tukuna ko zai ɗauke shi, in ba zai ɗauka ba akwai tagwaye da aka matse a girman tilo, ba sai an sassaƙe katako ba. Masu batir irin na EMG shiru gare su ƙwarai, naɗi kaɗan ne da ɗan ampili a ciki, doguwar waya ba ta taɓa muryarsu, amma batir mai bolt 9 na kirki ba kullum ake samun sa ba, kuma in ka manta waya a jone ya kwana yana ci. Ga mai wasa uku a mako ban ga ribarsa ba.

Ka fara da sukurun tsayi yau da dare, sannan doguwar waya, sannan lambar bayan bolim. In za ka kawo mini ita, ka taho da ampilin da wayar da kake wasa da su, don tudun da muke nema ba ya bayyana sai su ukun sun haɗu, kuma ka zo da safe kafin kwanon rumfa ya ɗau zafi.